Kamu Ɗaya a Bangon Yokebed

A duk titin Yahudawa na garin Parur babu wanda bai san cewa Yokebed mai ƙwai ba ta yarda da kowa ba. In an kawo mata kwandon ƙwai daga ƙauye, sai ta zauna a bakin ƙofa da kwanon ruwa, ta riƙa tsoma su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya nutse ta ajiye, wanda ya taso ta miƙa wa mai shi. Ko ƙanwarta ce ta kawo, haka za ta yi. Da ana iya tsoma mutane a ruwa, da tuni ta tsoma rabin garin. In an yi mata magana sai ta ce, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Mijinta Eliyabu kuwa Allah ya yi shi da sakin jiki, kowa nasa ne. Mutane har mamaki suke yi yadda suka zauna shekara ashirin ba a ji kansu ba. Zazzaɓi ya ɗauke shi a wata damina, aka binne shi a maƙabartar Yahudawa da ke bayan gonakin kwakwa, ya bar ta da ɗa guda, Menahem. Tun daga nan zarginta ya ƙaru, don mai ce mata "bari mana" ya tafi.

A bayan dangarta akwai gidan Lonappan, Kirista ne, sana'arsa shafen farar ƙasa. Kowace shekara in Idin Ƙetarewa ya gabato, Yahudawa kan wanke gida tas su shafe shi daga sama har ƙasa, kuma Lonappan ne ya yi wa Yokebed wannan aiki shekara talatin da ɗaya. Matarsa Tiresiya ce ke shigowa ran Asabar ta hura mata wuta, tunda ita dokar addininta ta hana ta yin haka a ranar. Tana fita Yokebed za ta leƙa kicin ta ga ko komai na wurinsa. Ba ta taɓa rasa ko tsinke ba, amma ba ta taɓa fasa leƙawa ba. Lonappan kan ce mata Ceci, wato yaya, ko da yake ya girme ta. Ita kuma Lona take ce masa, sai in ranta ya ɓaci ta kira cikakken sunan.

A jikin bangon da ke kallon ƙofar gidan akwai wani fili, kamu ɗaya tsawo, kamu ɗaya faɗi, da ba a taɓa shafewa ba. Jan dutsen ginin ne a fili. Mahaifin Eliyabu ya bar shi tun ran da aka gina gidan, don tunawa da Haikalin Urushalima da aka rushe. Bayahude ba ya gama gidansa kaf sai ran da Almasihu ya zo ya sake gina wancan. A kan wannan fili suke cacar baki duk shekara, shi yana kan tsani, ita tana ƙasa riƙe da ƙugu.

"Ceci, ki bari in rufa wa wannan tabon asiri bana. Wanda kuke jira fa ya zo tun tuni, ku ne kuka yi barci."

"Ya zo? To ina aikinsa? Mu an ce mana in ya zo zai tattaro mu daga ko'ina ya mayar da mu gida, ya gina Haikali, a daina yaƙi, maƙera su mai da takuba garemani. Leƙa waje ka gaya mini wanne ka gani."

"Ai zuwan farko na ɗaukar zunubi ne. Ya mutu da laifinmu, ya tashi. Sauran aikin sai ya dawo."

"Ka ji ka! Sai ya dawo. Kai in ka shafe mini rabin ɗaki ka ce sai ka dawo, ka ga na ba ka ko ruwan shayi?"

"Yo farar ƙasa ma ai sau biyu ake shafa ta. Shafin farko in kin duba kamar ba a yi komai ba, amma shi ke riƙe na biyu."

"Riƙe abinka. Namu sarki ne, mutum ɗan mutum, jikan Dawuda. Ba a ce mana Allah ne ba. Allah ɗaya ne, Lona, ba shi da ɗa, balle jika."

"Annabi Ishaya fa, da ya ce an yi masa rauni saboda laifofinmu?"

"Da mu yake. Dubi bayan Yahudawa ka ga rauni."

Daga nan sai ya yi dariya, ya bi gefen filin da burushinsa a hankali, ko ɗigo ba ya bari ya faɗa ciki. Ita kuma ba ta ɗauke ido sai ya wuce wurin.

A 1954 titin ya fara watsewa. An riga an kafa ƙasar Isra'ila, matasa suka matsa sai an tafi can, gida bayan gida aka riƙa kullewa. Menahem ya rubuta sunansa da na uwarsa cikin masu tafiya. Yokebed ba ta damu da gidan ba, ba ta damu da cinikin ƙwai ba. Abu guda ne ya hana ta sukuni: kabarin Eliyabu ba ya shiga akwati. Ta san damina biyu kawai ake bukata gansakuka ta baƙanta shi, saiwa ta fasa shi, masu gonakin gefe su matso da rogonsu har kan kansa.

"Umma, ki bar wa Lonappan mana," in ji Menahem. "Wa ya fi shi kusa da mu?"

"Kirista? Kafin mu kai Bombay ya kafa wa ubanka gicciye."

Haka ta faɗa, amma ta san babu wani. Ta kwana ta tashi da abin har mako biyu, tana auna mutumin ta kowace fuska. Ta lura ya cika tsayawa yana kallon barandar gidanta. Ta lura limamin cocinsu ya bi ta titin sau biyu a wata ɗaya, abin da ba ya yi. In ka ga kare na shinshinar takalmi, ai ɗauka zai yi. Duk da haka ta kusa miƙa wuya, sai ga abin da ya faru.

Shafen idi na ƙarshe ne. Da safe, bayan ya wuce filin, ta bar Lonappan a kan tsani ta tafi kasuwa kai ƙwai. Da ta dawo wajen azahar ya gama ya tafi. Ta tura ƙofa, sai ta tsaya cik. Bangon fari ne fat daga wannan kusurwa zuwa waccan. Filin nan babu shi.

Ko kwandon ba ta ajiye ba. Ta zaga ta bayan danga ta same shi yana wanke bokiti, matarsa na kankare kwakwa, ga maƙwabta biyu a tsakar gidan. Menahem ya biyo ta yana cewa ta tsaya.

"Lonappan Mappila! Ashe shekara talatin da ɗaya jira kake yi? Ka ga mun kusa tafiya, ka ce bari ka shigo mini da Almasihunka ta bango!"

"Me ya faru, Ceci?"

"Kada ka ƙara ce mini Ceci. Wa ya shafe filin?"

"Ni ban taɓa shi ba."

"To aljanu ne suka taɓa? Gidan kake so, ko? Ku rataya hoton Almasihunku a wurin? Ashe sabo da kaza ba ya hana a yanka ta. Kuma kai ne ake cewa in bar wa kabarin mijina!"

Lonappan ya buɗe baki zai yi magana. Ya dubi Menahem, ya sake duban uwar, sai ya sunkuya ya ci gaba da wanke bokitinsa. Yokebed ta ɗauki shirun a matsayin amsa laifi. A nan take ta ce wa Tiresiya kada ta sake tako mata gida. Asabar ɗin nan shinkafa mai sanyi suka ci, tana ci tana huci, kuma a can ƙasan ranta har da ɗan daɗi, irin na wanda zatonsa ya tabbata bayan dogon jira.

Amma idon da ya saba neman aibu ba ya hutawa. Bayan kwana uku bangon ya bushe, ta tsaya tana harararsa, sai ta ga wani abu. Lonappan daga sama zuwa ƙasa yake jan burushi, layinsa a miƙe kamar an sa zare. A daidai filin kuwa shafin a karkace yake, ya yi kauri a nan, ya tsiyaya a can, jan dutsen na leƙowa ta ƙasa. Wannan ba hannun mai sana'a ba ne. Da aka zauna cin abincin rana ta cafke hannun ɗanta ta juya shi. Tsakanin yatsunsa duk ya saɓule, yadda farar ƙasa ke cin fatar wanda bai saba da ita ba.

"Menahem."

"Umma, ki saurare ni. Urushalima fa za mu. Mun sami ƙasa, an tattaro mu. Makokin me kuma za mu bari a bango?"

"An gina Haikalin?"

"A'a, amma..."

"An daina yaƙi?"

Ya janye hannunsa ya ɓoye a bayansa.

"To jirgin sama ne Almasihun naka? Lona ya ce ya riga ya zo, kai ka ce ba sai ya zo ba. Gara Lona, shi dai yana jiran wani. Kuma kana tsaye na ci mutuncin tsoho a gaban matarsa, ka yi gum, shi ya rufa maka asiri. Kai, ka ji kunya!"

Ita ma kunyar ce ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Sai dai Yokebed ba ta iya ba da haƙuri ba, bakinta bai san hanyar ba. Washegari ta zaɓi ƙwai goma sha biyu mafi girma ta miƙa wa Tiresiya ta kan danga, ta ce wa Lonappan ya zo ya raka ta wani wuri. Ya biyo ta ba tare da ya tambaya ba. Suka ratsa gonakin kwakwa har gaban kabarin.

"Ga shi nan," ta ce. "Shafe sau ɗaya a shekara, a cire ciyawa, kada a sa masa komai da ba namu ba. Amma sai ka rantse."

"In rantse da wa?"

Ta harare shi.

"In na rantse da Yesu, ki ce ba ki san shi ba. In na rantse da naki, ai bai zo ba tukuna, wa zai kama ni?"

"Rantse da Allah."

"In na ce Allah, za ki ce wanne nake nufi, ɗaya ko uku. Na san ki, Ceci." Ya tsuguna ya tumɓuke wata ciyawa daga gindin kabarin. "Shekara talatin da ɗaya ina zagaye miki fili da burushi, ko sau ɗaya ba ki juya mini baya ba. Abin ya yi mini ciwo, yau na faɗa. Ba zan rantse ba. In kin bar mini shi, kin bari. In ba ki bari ba, ga hanya."

Ta daɗe a tsaye. Duk rayuwarta ba ta taɓa karɓar abin da ba ta gwada ba, ga shi yau abin da ya fi komai a wurinta ne, kuma babu yadda za ta gwada. Ta ji tsoro ƙwarai. A ƙarshe ta kwance mabuɗin ƙofar maƙabartar daga bakin zanenta ta ajiye a kan kabarin, ta juya ta tafi. Ba ta iya sa masa a hannu ba.

Can Isra'ila aka kai su wani ƙauye a cikin hamada, inda babu kwakwa babu kogi. Ta koma kiwon kaji, ta ci gaba da zargin kowa, daga mai kawo dusa har likitan kajin. Bayan idin farko sai ga wasiƙa daga Parur. Lonappan bai iya rubutu ba, wani ne ya rubuta masa adireshin. A ciki babu ko harafi, sai takarda shuɗiya da tambarin babban yatsa na farar ƙasa a tsakiya.

"Yana nufin ya shafe kabarin," in ji Menahem.

"Mhm. Kowa ma ai zai iya dangwala yatsa a bokiti."

Haka take faɗa duk shekara, ta shinshina takardar, ta taɓe baki, ta jefa ta cikin gwangwanin shayi ta rufe. Takarda goma sha ɗaya ta tara. A shekara ta goma sha biyu idi ya wuce, wata ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi. Kullum da hantsi tana bakin hanya lokacin da motar wasiƙu ke zuwa, wai iska take sha. Ranar da Menahem ya gaji da ganinta a rana, ya je ya kamo hannunta ya shigo da ita, ya zaunar da ita a kujera.

"Umma, ki haƙura. Ashe dai ke ce da gaskiya tun farko. Mutum ne, ya gaji ya bari."

Ta fizge hannunta. Ta sauko daga kujerar da ƙyar, ta cire takalmanta, ta zauna a ƙasa yadda Yahudawa ke zama in ɗan'uwa na jini ya rasu.

"Rufe mini baki," ta ce. "Lona ba ya fashi. Mutuwa ya yi."