Dutsen Murhun Barira

Idan ka bar Magama ka bi hanyar 'yan fasa-ƙwauri da ke ratsa gonaki zuwa arewa, kafin ka kai rafin nan da ba ya ganin ruwa sai da damina, akwai wasu bukkoki tsugune a bayan darni. Nan ne gidan Barira mai giya. Ita dai ba ta taɓa amsa wannan suna ba. Cewa take yi ita manomiya ce, giya kuwa abin da dawa ke zama ne idan an yi mata haƙuri.

A Mazanya aka haife ta, a gidan da ba a salla, ba a zuwa coci, sai dai a yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiya idan damina ta yi jinkiri. Ran da aka kawo ta ɗakin mijinta Zaki, abu mafi daraja da uwarta ta haɗo ta da shi tukunya ce guda, baƙa wuluk, wadda mutum zai iya tsugunawa cikinta. A cikinta ake dafa giyar gayya, da ta suna, da ta binne mamaci. Barira ta san muryarta. Idan ta ƙwanƙwasa gefenta da yatsa takan gane ko wuta ta isa.

Shekarar da rafin ya yi ambaliya ya yage gaɓa, ita da Zaki suka tsinci wani sassaƙaƙƙen dutse kwance cikin yashi, da lambobin Turawa a jikinsa. Kowa ya san ko mene ne: ɗaya ne daga cikin duwatsun da aka kafa lokacin da aka raba Katsina da Maraɗi. Zaki bai damu da wannan ba. Abin da ya gani dutse ne mai faffaɗan kai, wanda tukunya za ta zauna a kansa ba ta girgiza. Suka ɗora shi a amalanke. Cikin duwatsun murhu uku, shi ya zama na kudu.

Zaki ya mutu, aka binne shi a gindin kuka cikin gonarsa, can ƙetaren rafi. Ɗansu Mika ya shiga coci ya tare a Bugaje, gaisuwarsa ke zuwa, ƙafarsa ba ta zuwa. Saura Ɗantala, ɗan ƙanen Zaki, wanda uwarsa ta rasu wurin haihuwarsa, Barira ta shayar da shi tare da Mika, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Shi ya tafi Jibiya koyon ɗinki, ya musulunta, ya komo da gemu da sunan Badaruddeen. Barira ta ce harshenta ya tsufa da koyon sabon suna.

Da Shari'a ta zo, shi aka ba shugabancin 'yan agajin yankin. Sun fasa tukwane a ƙauyuka da dama kafin wata hantsi su tsaya a ƙofar gidanta, da sanduna, tukunya kuwa tana bisa wuta tana tafasa.

"Inna, kin ji abin da doka ta ce," in ji Badaruddeen, idonsa a ƙasa.

"Dokar wace ƙasa, Ɗantala?"

"Ta nan."

Ta nuna dutsen da muciya. "Duƙa ka karanta, kai da ka yi boko. Wanga dutse shi ne iyaka. Daga shi zuwa kudu naku ne. Tukunyata tana arewa da shi. Tana Nijar. In kuna son hwasa ta, ku tahi ku ɗauko jandarma."

Manu, mataimakinsa, ya fashe da dariya, yana jiran shugaba ya ɗaga sanda. Badaruddeen ya duƙa, ya goge toka da hannu, ya daɗe yana duban lambobin.

"Dutsen gwamnati ne," ya ce. "Ba mu da hurumi sai hukuma ta yi magana."

Suka tafi. Labari ya zaga har kasuwar Jibiya, ana ba da shi ana dariya: tsohuwar Bamagujiya da ta ɗauka iyaka jela ce da ke bin dutse duk inda aka ja shi. Ba wanda ya tambayi kansa yadda mace da ta ɗora dutsen nan a amalanke da hannunta za ta manta daga inda ta ɗauko shi. Ba ta manta ba. Shi ma Badaruddeen yana yaro aka kawo dutsen, har ya hau amalanken yana tsalle. Abin da ta miƙa masa a ranar ƙarya ce wadda mutum zai iya sawa kamar riga ya shiga jama'a ba kunya, shi kuwa ya karɓa ya sa. Tun daga nan ba su sake maganar ba. Yana aiko mata da zane da salla, tana aika masa da gero da kaka.

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da aka ce Najeriya ta harba tauraronta sama. Bayan wani lokaci sai ga motoci biyu sun faso gonaki, ɗaya da lambar Katsina, ɗaya da ta Maraɗi. Ƙasashen biyu ne suka haɗa ma'aikata su bi iyaka da hotunan tauraron ɗan'adam, su gano inda tsofaffin duwatsu suka kau, su fitar da burtali, don rigimar manoma da makiyaya ta ragu. Na Najeriya sunansa Lawwali, mai safiyo, ɗan gajere mai yawan gumi. Ta Nijar sunanta Safiyatu, doguwa, da wata na'ura rataye a wuya. Sun kwana biyu suna neman dutse guda a bakin rafi, sai aka ce musu su duba murhun Barira.

Safiyatu ta durƙusa ta gaishe ta da Hausar Maraɗi, wadda ita ce Hausar uwar Barira, sai zuciyar tsohuwa ta yi laushi ba shiri. Ta kawo musu fura.

"Iya, zo ki ga gidanki daga bisa," in ji Safiyatu, ta shimfiɗa wani babban hoto a kan tabarma.

Barira ta duba. Ga rafin kamar jijiya a bayan hannu. Ga gonaki kamar facin riga. Ta daɗe tana nema.

"Ina iyakar?"

"Ba ta fitowa a hoto, Iya. Lissafi ne. Na'urar ga tana sauraren taurari, su hwaɗa mata inda take tsaye."

"Naku taurarin ko nasu?"

Lawwali ya yi dariya yana share wuya. "Yanzu haɗa su muka yi, Iya. Abin da suka gani su ba mu, abin da muka gani mu ba su. Ba a yi wa sama shinge."

"To, ku tambaye su murhuna."

Safiyatu ta tsaya daidai kan dutsen, ta duba na'urar, ta dubi Lawwali. Ta ga abin da ke cikin tukunya, ta kuma san a wace jiha take tsaye. Ta nemi wata hanyar da za ta kauce wa faɗar gaskiya. Ba ta samu ba.

"Iya, nan Najeriya ne. Gidan duka. Iyaka tana ƙetaren rafi."

Barira ta gyaɗa kai kamar an gaya mata farashin gishiri. Mutanen da suka biyo motoci suna tsaye a bakin darni, Manu yana cikinsu.

Ba su ɗauki tsohon dutsen ba, wuta ta riga ta tsattsaga shi. Sabo suka zuba da siminti a tsakiyar gonar Zaki, jami'an ƙasashen biyu suka sha hannu a kansa aka ɗauki hoto. Kukar da Zaki ke kwance gindinta ta faɗa Nijar. Da za su tafi, Safiyatu ta riƙe hannun Barira ta ce, "Ki yafe mini." Barira ta ce, "Ɗiyata, aikinki kika yi. Ke kika aza dutse a amalanke?"

Maƙwabta suka ba ta shawara ta binne tukunyar cikin rami, ko ta sa a ƙetarar da ita tun kafin a zo. Amalanke bai gagare ta ba. Ta ƙi. Ta juye abin da ke ciki, ta wanke tukunyar da toka da yashi har ƙanshi ya fita, ta mayar da ita bisa duwatsun, ta zauna. In ka tambaye ta dalili za ta ce bayanta ke ciwo. Gaskiyar ta fi haka nauyi. Shekaru tana ba yaron nan aron ƙarya, har ta kasa sanin ko don ita yake barin tukunyar, ko don dutse ya ba shi mafaka. Tana so ta sani tun tana da rai. Ta yarda ta sa tukunyar uwarta a bakin wannan tambaya.

'Yan agaji sun zo da safe, rana ta ɗan ɗaga. Badaruddeen yana gaba, fuskarsa kamar wanda bai ci abinci ba.

"Inna, ina kwana."

"Lahiya lau. An ce taurari sun kai ƙarata."

Manu ya ce, "Malam, hukuma ta yi magana. Da bakinka ka ce ita muke jira."

Badaruddeen ya matsa ya leƙa tukunyar. Ya sa hannu ya shafa cikinta, ya shinshina yatsunsa.

"Babu kome ciki."

"Gobe za a zuba," in ji Manu. "Ka fi ni sani."

Badaruddeen ya ce, "Aikinmu mu raba ƙasarmu da ita. Ku kama mu fitar da ita."

Ba wanda ya motsa. Manu ya ce, a hankali, ba da raini ba, "Malam, kai ka karantar da mu cewa har mai ɗaukar giya yana cikin laifi. Na fasa tukunyar kakata a gabanka, tana kuka. Ba ka ce in ɗauka ba."

Maganar ta sami Badaruddeen inda ba shi da kariya. Barira ta ga haka, sai ta ji tausayin Manu ya kama ta, abin da ba ta shirya ba.

"Gaskiyarka," in ji Badaruddeen. "Zan je in ba kakarka haƙuri. Kwamitin agaji kuma ya yi da ni abin da ya ga dama." Ya jingine sandarsa a jikin darni. "Wannan matar nononta na sha."

Ya cire hularsa. Barira ta kwance ɗankwalinta, ta naɗe shi gammo, ta aza masa a ka. Su biyu suka ɗaga tukunyar, ita tana nishi tana cewa, "A hankali, ragon banza, ta girme ka." Ya miƙe da ita yana tangaɗi. Ya bi ta ƙofar darni, ya gangara cikin yashin rafi, ita tana biye da muciya a hannu. 'Yan agaji suna tsaye suna kallo, ba wanda ya taimaka, ba wanda ya hana.

Ya wuce sabon dutsen, ya sauke ta a inuwar kuka, kusa da kabarin Zaki. Wuyansa ya sage, farar rigarsa ta yi baƙi da kunkunniya.

"Ban ce halas ba ne, Inna," ya ce yana haki. "Kullum ina roƙon Allah ya shirye ki."

"Ci gaba da roƙo. Ban hana ka ba."

Ta zaga tukunyar, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta kasa kunne. Ba tsaga. Sannan ta dube shi, ta ga ya juya yana kallon ƙetaren rafi, inda sandarsa take jingine, Manu kuma yana tsaye kusa da ita.

"Jeka, suna jiranka," ta ce. "Amma ka bar mini gammona, Badaru."