Kaset Ashirin da Huɗu na Rufa'i Mai Jita

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Afrilu, 1993, da hantsi, ina zaune a rumfata ta kaset a kasuwar Jega, wani direban motar albasa ya tsaya bai ko kashe injin ba, ya ce mini Rufa'i Lawali ya cika. Jinyar kwana huɗu kawai ka yi. Kafin la'asar mun kai ka makwancinka, kana da shekara arba'in da shida.

Ni ne Ridwan mai kwafin kaset, wanda kake kira ɓarawon muryoyi. Ban taɓa musa maka ba. Shekara goma sha biyar ina kwafar kiɗan mutane ina sayarwa, ban taɓa neman izinin kowa ba. Kai kaɗai ne na riƙe wa alkawari, kuma a kan wannan alkawari nake son mu yi magana yau, don ya tsaya mini a wuya.

Amma bari in fara gaya wa waɗanda ba su san ka ba ko wane ne aka rasa. Ɗan mahauta ne kai. Ka tashi kana jin kalangu a bakin mayanka, inda kowane babban mahauci yake da takensa, wato kiɗan da in an buga kowa ya san da shi ake. Maimakon wuƙa sai ka ɗauki jita. Ka bi ƙungiyoyin kiɗa na otal-otal a Kaduna da Ikko da Yamai, ka koyi kiɗan nan da ake kira jaz, wanda makaɗi ke ƙirƙirarsa nan take yana cikin bugawa. Da ka dawo gida sai ka haɗa shi da kalangu da goge da gangar noma, ka fitar da wani abu da ba mu da sunan da za mu ba shi. Mutanen kasuwa suka ce wannan kiɗa ba waƙa a ciki, ba a kuma iya rawa da shi, to na mene ne? Kai kuwa dariya kake yi, ka ce na zama ne a saurara, kuma zama shi ne abin da ya fi ƙarfin ɗan kasuwa.

Na ga makaɗa da yawa, amma ban ga hannu irin naka ba. Yatsunka na hagu sukan yi gudu har ido ya kasa bin su, sai kuma ka tsaya cak a kan tsirkiya ɗaya, ka matsa ta sama a hankali har ta yi magana, kamar yadda mai kalangu ke matse gangarsa a hammata. Ranar da tsoho Ɗanlami mai kalangu na Giwa Tazo ya fara jin ka, ajiye makaɗinsa ya yi, ya ce ƙarfen nan Hausa yake ji. Daga ranar kuka ƙulla. Shi ya buga, kai ka amsa, ka zagaya da kiɗan can nesa har mu ce ka ɓace, sai kawai ka faɗo daidai inda ya ajiye hannu.

Ba na mantawa da shekarar da na karye a ƙafa, aka kwantar da ni wata biyu a gidan masu ɗori a Aliero. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga ka da jita a baya. Ba ni kaɗai kake yi wa ba. Akwai wani manomin albasa daga Sarandosa da aka ɗaure wa cinya, wanda ihunsa ke hana kowa sakat in za a ja ƙashin. Kai ka roƙi mai ɗori ya bari ka zauna kusa da kansa. Ka tambaye shi kiɗan da ake musu a gayya, ka fara buga masa a hankali, mutumin yana gyara maka inda ka kuskure, har aka ja aka ɗaure yana ta gardama da kai. Daga baya na gane da gangan kake kuskuren.

Shekara shida kuna ɗaukar kiɗa a ɗakin bayan rumfata, kai da Ɗanlami, ni ina riƙe da na'ura. Kaset ashirin da huɗu muka cika. Ba ka rubuta musu suna ba, lamba kawai, ka zuba su a akwatin ƙarfe ka bar mini. Na yi ta damunka mu kwafa mu fitar, kullum amsarka ɗaya, ba ka gama ba. Wata rana da na matsa, ka dube ni ba dariya ka ce, "Ridwan, amana ta. In ka kwahi ko guda ban ce na gama ba, ban yahe ma ba." Ɗanlami ya rasu bara. Kai ma ka tafi ba ka ce ka gama ba. Duk duniya babu inda kiɗanku yake sai cikin akwatin nan.

Kwana uku da rasuwarka, yayanka Alhaji Abdulbasit ya zo rumfata. Mutum ne mai tsoron Allah, ba na zarginsa da mugunta, ko da yake shekara ashirin bai zauna inuwa ɗaya da jitarka ba. Ya ce ya ji akwai akwati a wurina. Ya ce shi ya yi imani duk sanda aka kunna kiɗan nan ana ƙara maka nauyi a kabari, kuma ba zai zauna yana gani ana azabtar da ƙaninsa ba. Idonsa ya yi ja yana faɗa. Ya ba ni zuwa ranar bakwai in kai akwatin gida a ƙone.

Kwana huɗun nan, Rufa'i, ban ji daɗin abinci ba. Na'urar kwafi tana gabana, sababbin kaset cike da kwali. Yini biyu ya ishe ni in kwafe su duka, ba wanda zai sani. Sau uku ina saka naka a gefe ɗaya, sabo a gefe ɗaya, yatsana a kan maɓalli, sai in ji muryarka tana cewa ba ka yafe ba. Mai rai ana iya lallashinsa ya janye magana. Wanda ya mutu fa? Na cire, na mayar, na rufe akwatin. Ni da ban taɓa jin kunyar kowa a sana'ata ba, ranar da rashin kunya zai yi amfani sai ta kama ni.

Ranar bakwai na ɗauki akwatin na kai zauren gidanku. An riga an tara itace a waje. Malam Haidar na Maiyama, wanda aka ɗauko don rabon gado, yana zaune. Kafin Alhaji ya miƙa hannu, sai muryar mahaifiyarku Inna A'i ta fito daga bayan ƙofar zaure.

"Malam, in tambaye ka. Abin ga da ac cikin akwatin ga, dukiya ta ko ba dukiya ta ba?"

Malam ya ɗauki kaset ɗaya ya jujjuya shi. Ya ce shi ba zai shiga gardamar kiɗa yau ba, malamai sun daɗe suna yin ta. Amma kaset a karan kansa abu ne mai amfani, tunda ana iya ɗaukar karatu a kansa, saboda haka dukiya ne, ƙona shi ɓarna ce, kuma sai an raba shi kamar sauran kaya.

Inna ta ce, "To a ba ni rabona. Ni nis san wahalar da nish sha kahin in haihe shi."

Alhaji bai iya ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba. Aka raba yadda shari'a ta ce. Rabi ga 'yarka tilo Salima, goma sha biyu. Matarka Hamsatu uku. Inna huɗu. Saura biyar na Alhaji. Don kada a ce an zaɓa, Malam ya rufe kaset ɗin da zane yana zarowa da hannu. Ni kaɗai a zauren na san abin da kowace lamba ta ƙunsa, ina tsaye ina kallo. Na takwas ya faɗa hannun Alhaji, wanda kuka ɗauka ranar ruwan farko, wanda na fi so a cikinsu duka. Sai na ashirin da ɗaya ma ya bi. Inna ta aiko a ce ta yarda ta ba Alhaji wasu kaya daga rabonta, ya bar mata kaset ɗinsa. Alhaji ya ce rabo ya riga ya faɗi.

Sannan ya juyo gare ni. Ya ce tunda Malam ya hana ƙonawa, to za a shafe su a ɗora karatu a kai, ladan ya je maka. Kuma ni ke da na'ura.

Washegari da safe ya zo rumfata da kaset biyar a aljihu da nasa na karatu, ya ja benci ya zauna gwiwarsa na gugar tawa. Ba damar dabara. Da hannuna na ɓalle kunnuwan kaset ɗin nan tun ranar da muka ɗauka, don kada a shafe su bisa kuskure. Da hannuna kuma na liƙe ramukan da salatif don su shafu.

A sana'armu akwai abin da ba a tsallakewa. Kafin ka ɗora wani abu a kan tsohon kaset, sai ka kunna shi kaɗan ka ji ko zaren yana tafiya daidai, don kada na'ura ta tauna shi. Na gaya wa Alhaji haka. Ya ce in yi aikina, ya kau da kai. Na kunna na farko, jitarka ta yi numfashi biyu, na tsayar, na mayar baya, na danna jan maɓalli. Wanda bai yi aikin ba bai sani ba, lokacin da ake shafewa ba a jin abin da ke tafiya, sabon kawai ake ji. Ina zaune ina jin karatu mai daɗi, ina kuma sanin daidai wurin da Ɗanlami ke shigowa a ƙarƙashinsa. Haka na shafe na biyu, na uku. Sai na zo kan mai lamba takwas, na ruwan farko. Shi ma na shafe. Azahar ta yi, muka je muka yi salla sahu ɗaya, muka dawo.

Saura na ashirin da ɗaya. Na saka, na kunna.

Babu kalangu a farkon wannan. Jitarka ce ita kaɗai, kana matse tsirkiya tana faɗin taken mahaifinku marigayi Lawali, wanda Ɗanlami ke buga masa in ya nufo mayanka: Wuƙa ɗaya Lawali, bajimi ya gan ka ya durƙusa. Shekara arba'in ba a ji shi a Jega ba. Wani tsohon mahauci da ke wucewa da tire ya tsaya, ya waiga yana neman mai shi.

Na kai yatsa zan tsayar. Alhaji ya riƙe mini hannu.

"Bari."

Ya saurara har taken ya zagayo sau uku, har inda ka ɗauke shi ka yi sama da shi da gudun nan naka, ka dawo ka ajiye shi a hankali. Bai dube ni ba. Ya ce, "Wa ak koya mai wanga? Yana ƙarami Baba yar rasu."

Na ce wata shida ka yi kana zuwa Giwa Tazo a kan keke, har Ɗanlami ya yarda ka iya.

Alhaji ya buɗe na'urar da kansa, ya ciro kaset ɗin, ya ɓare salatif ɗin da farce, ya sa a aljihun gaba. Ya ce, "Ba ni iya saurare nai, ba ni kuma iya kashe shi." Ya kwashi huɗun da aka cika da karatu ya tafi.

Ga abin da ya hana ni sukuni, Rufa'i. Da gangan na bar wannan kaset a ƙarshe. Tsoro ne ya sa, ina jan lokaci kamar mai jiran a zo a cece shi. Da na yi ƙarfin hali na fara da shi, wataƙila da duka biyar ɗin suna nan. Ban kwafa ba lokacin da zan iya, ban kuma fara da wanda ya kamata ba. Huɗu sun tafi, har da ruwan farko, kuma yanzu babu inda suke sai a kaina, ni da ko fito ban iya ba. Ka ce in na kwafa ba ka yafe ba. To ban kwafa ba. Wannan kuma da na yi, ina roƙonka ka yafe.

Sauran goma sha tara suna raye. Salima da Hamsatu da Inna sun ce in kwafa, yanzu nasu ne. Ka ga ɓarawon muryoyi yau yana aiki da izini, ka so ka ga wannan rana ka yi mini dariya. Direbobin albasa sun fara ɗaukarsu zuwa kudu. Masu cewa ba a rawa da shi, na ga wasunsu sun zauna.

Allah Ya jiƙanka, Rufa'i. Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanya sauƙin da ka kawo wa masu ciwo a Aliero a mizaninka. Ya jiƙan Ɗanlami da mahaifinku Lawali. Ladan karatun da ke kan kaset huɗun nan, Allah Ya kai maka shi cikakke, don da tsada aka same shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna A'i, da Hamsatu, da Salima, da dukan zuriyar Lawali da mahautan Jega. Haka kuma ga Alhaji Abdulbasit, wanda ya yi abin da ya yi don son ƙaninsa, kamar yadda na yi nawa. Allah Ya ba mu haƙuri, ni da shi, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Ridwan mai kaset,
Kasuwar Jega.