Hanyar da Za Ta Bi Ta Gidan Wani Dattijo a Ƙasar Bunkure

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, mu huɗu a motar ofis. Ni aikina zanen taswira ne a ofishin da ke tsara hanyoyin da Kano za ta buƙata nan da shekaru masu zuwa. An daɗe ana maganar buɗe wata babbar hanya da za ta kwaso amfanin noman rani daga yankin Kura da Bunkure, ta zagaye birni, don manyan motoci su daina cushe mana titi. Na sha zana ta a takarda, amma sai ranar zan fara taka inda za ta bi.

Tun daga Na'ibawa na fara riƙe baki. Inda na sani da gonakin dawa ina yaro duk ya zama gidaje da garejin makanikai. Mai gidanmu a ofis, wanda ke zaune a gaba, ya ce idan muka yi wasa, kafin mu gama zane garin ya riga mu zuwa Kwanar Dawaki.

A Kura muka karya da waina da miyar taushe. Rani ne tsantsa, amma ko'ina kore shar: alkama, albasa, masara, ga ruwa yana gudu a magudanan siminti. Tumatir kuwa ya yi arahar da ban taɓa gani ba. Wani manomi ya rantse mana kwandon ya fi abin da ke cikinsa tsada. Direbanmu ya so ya saya, aka ce ya ɗiba kawai, amma ya bar musu kwandonsu.

Dariyarmu ta ƙare da muka bar kwalta muka bi hanyar ƙasa ta gefen ruwa. Wata kwalbati ta rufta da babbar mota ɗauke da kaya, ta tare hanya tun shekaranjiya. A bayanta a-kori-kura sun yi layi, ruwan tumatir yana ɗiga daga cikinsu kamar an yi yanka. Wari ya cika wurin. Mata da maza sun baje a ƙasa suna ta yanyankawa su shanya, ko a samu kauɗa. Na ga wani magidanci ya kife kwandunansa a rami ɗaya bayan ɗaya, ko kallonmu bai yi ba. Wahalarsa ta rani guda ke nan.

Da ƙafa muka ƙarasa wani ɗan ƙauye inda masu safiyo suka kafa turaku bara. Muna bin su sai muka ga ɗaya a tsakiyar gidan mutane, dab da rumbu. Mai gidan, wani dattijo mai farin gemu, ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura. A gefe ga tubali an jera ya bushe. Ya ce ɗaki zai gina wa ɗansa da zai yi aure bayan girbin alkama.

Ya ba mu labari cewa ba nan ne asalin gidansu ba. Lokacin da aka zo haƙa magudanan ruwa aka tashe su daga inda kakanninsa ke kwance, ya dawo nan ya sake kafa komai. Bai yi ƙorafi ba. Ya ce ruwan ya amfane su, hanyar ma suna son ta, mun dai ga abin da ke faruwa a kwalbati. Sannan ya dubi mai gidanmu.

"Malam, abu ɗaya nake so ka faɗa mini. In gina ɗakin nan, ko kada in gina?"

Mai gidanmu mutum ne da ba ya rasa ta cewa, amma ranar gajeriyar amsa ya bayar. Ya ce, "Baba, wallahi ban sani ba. Hanyar tana iya zuwa baɗi, tana iya kaiwa jikokinka su girma."

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya ce to shi ke nan, zai rufe tubalin da zana kafin damina, ɗan ya zauna da amaryarsa a zaure. Ya rako mu har bakin ruwa yana yi mana addu'ar sauka lafiya, abin da ya fi komai nauyi a zuciyata.

Muka kamo hanyar dawowa. Sai da muka wuce Kura mai gidanmu ya ce zai nemi a karkatar da hanyar ta bayan ƙauyen, ko da yake bai san ko na sama za su yarda ba.

Da la'asar sakaliya na shiga gida. Na gane cewa hanyar nan dole ce, don birni ba zai daina girma ba, amfanin gona kuma ba ya jira. Amma abin da mu muke kira tsarin shekaru masu zuwa, wani yau yake hana shi ɗora tubali. Da na ba uwargidana labari, ta ajiye tuwo a gabana ta ce, "To, yaushe za ku koma ku ba shi amsa?" Na wanke hannu na jawo kwanon, tambayarta tana ta yi mini yawo a kai.