Haruffa Masu Ƙaho

Ni a aji huɗu na firamare na tsaya, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Amma a ba ni buroshi da gwangwanin fenti, a matsa gefe a sha kallo. Akwai lokacin da in ka shiga tasha a Mubi, duk inda ka juya rubutuna ne a goshin motoci.

Rubutun nawa daban yake. Haruffa ne masu ƙiba, gindinsu a zaune daram, kansu kuma ya lanƙwasa sama kamar ƙahon bijimi. A kasuwar shanu na samo fasalin, ina zaune ina kallon garke. Nakan zuba rawaya, in bi gefe da baƙi, in sa jar inuwa ta hagu. Ba rubutun dogon zance ba ne. Ka rubuta wasiƙa da shi, mai karatu zai yi ciwon kai kafin ya gama sallama. Kalma biyu ko uku, a hango daga nesa, aikinsa ke nan.

Sai kwamfuta ta zo. Shagunan buga sitika suka cika gari. Damina ɗaya abin ya koɗe, amma mutane suka ce ai zamani ne. Na koma fentin ɗaki da ƙofa, aikin da kowane ƙato zai iya. Rubutu ɗaya ya rage mini a kan titi, na akori-kurar wani abokina direba mai zuwa Maiha. A saman gilashinta na rubuta masa “Sai Mun Dawo”. In ta wuce nakan ajiye abin da nake yi in bi ta da ido.

Wata safiya na samu aikin fenti a Maiha, na je tasha in bi abokin nawa. Sai na ga ya manna sitika a kan rubutuna. Kalmomin dai su ne, amma sirara, farare fat, kamar na jikin kwalin magani.

“Kai, ɗan banza, me ka yi?” na ce.

“Mai fenti, ka bar mu mu waye mana. Shiga gaba ka daina kumburi.”

Na shiga, na juya fuska waje. Yana ta mitar kwana biyu fasinjan hanya sun yi ƙasa.

Akwai wata bishiya a bakin hanya inda mata masu nono ke jiran sa duk ranar kasuwa. Muka sauko daga tudu, ba wadda ta motsa. Ya danna hon, wata tsohuwa a cikinsu ta kaɗa masa hannu ya wuce. Ya taka burki ya leƙo.

“Dada, ni ne fa!”

Ta taso ta ƙare wa motar kallo. “Kai na san ka. Motan ne ban sani ba. Ina ƙahon?”

“Wane ƙaho kuma? Ga rubutun nan, iri ɗaya ne.”

“Ni na yi boko ne? Daga kan tudu muke ganin ƙaho, mu fara haɗa ƙwarya. Mun ce ka sayar da namu, muna ta shiga na wani.”

Dariya ta ƙwace mini har na buga kai da ƙofa. Na leƙa na ce, “Dada, ni ne mai ƙahon.”

“Kai ne? To me ya kai ka cirewa?”

“Tambayi ɗanki, shi ne ya waye.”

Matan suka yi masa caa da Fulatanci suna loda ƙwarya. Tsohuwar ta ɗebo kindirmo a ludayi ta miƙo mini ta taga, shi ko kallo bai samu ba. Na shanye a gabansa, ina lasar baki da gangan.

Washegari ya kawo motar ƙofar gidana, ya ɓare sitikar da farcensa, ta ɗebe rabin fentin. Na ce ba zan taɓa ba sai ya riƙe mini gwangwani. Haka ya tsaya a rana, ƙato da shi, yana zagina ƙasa-ƙasa, ni kuwa ina kan benci ina fito. Da na zo kan harafin farko, na ja ƙahon ya fi na da tsawo, yadda Dada za ta hango shi tun motar ba ta gama hawa tudun ba.