Koriyar Motar Maiwada

A Kaura Namoda, idan ka ce Maiwada sai a tambaye ka wanne. Ka ce mai Landiroba, yaro ma zai nuna maka ƙofar gidan. Ni maƙwabcinsa ne, kuma ina cikin waɗanda suka yi masa dariya ranar da aka jawo masa ita da igiya.

Tun yana saurayi shi ke tuƙa ta, zamanin da ake yawon karɓar jangali, harajin shanu, daga Zurmi har dazukan Shinkafi. Da aka daina, aka jingine ta bayan ofis, kaji suka mai da ita gida. Ya yi ritaya, aka yi gwanjonta, ya saya. Matarsa Tabawa ta ce ta ga masu sayen rago da kuɗin sallama, ba ta taɓa ganin mai sayen akurki ba.

Shi kuwa yana da dalili. 'Yarsu Asta tana aure a wani ƙauye bayan Zurmi, ga cikin fari, kuma al'ada ce ta zo gida goyon ciki. Lokacin zai faɗo tsakiyar damina, sa'ad da babu motar da ke shiga can. Maiwada ya rantse 'yarsa ba za ta hau jaki da tsohon ciki ba.

Aondona, wani bakanike ɗan Tibi da ke kusa da tashar jirgi, shi ya sauke injin. Rani guda suna fama. Giyar taimako, wadda ke fid da mota daga laka, sai daga Gusau aka samo ta, tamfol kuwa Tabawa ce ta ɗinke shi, tana ɗinki tana mita. Da aka zo fenti Aondona ya ce a yi fari. Maiwada ya kafe sai koren nan nata na asali. Taurin kai gare shi, Allah ya sani.

Ranar tafiya na bi shi. Motar ta ratsa laka, ta ƙetare gulbi tana tari, ban taɓa ganin Maiwada cikin farin ciki irin na ranar ba. Muka shiga ƙauyen, tsit. Turaku babu ko ɗan maraƙi, ga tukunya a kan wuta ba mai ita. Ashe tun daga nesa aka hango koriyar mota, aka ce jangali ya dawo, kowa ya kora shanunsa cikin gero, har surukan nasa.

Maiwada ya kashe injin. Shekara da shekaru yana shiga garuruwa haka, bai taɓa tambayar kansa ina mutane suke zuwa ba.

Sai ga Asta ta fito daga zaure da ƙullin kayanta a ka, tana tafiya da ƙyar.

"Baba, tun daga gulbi na gane tarinta," in ji ta. "Na hwaɗa musu tamu ta, sunka ƙiya."

Ya karɓi ƙullin, ya shimfiɗa mata bargo a gaba, ni aka mai da ni baya. A ɗakin Tabawa ta haihu, namiji.

Bayan suna ya kai wa Aondona motar ya ce a yi farin. Yanzu idan ta doshi ƙauyen nan, yara ne ke fara tarbarta, kuma duk mai ciki ta san ranar zuwanta.