Tafin Hannun Kakana a Bangon Tamanrasat

Sanyin Tamanrasat ba ya jin roƙo. Da an idar da magariba sai ya sauko daga duwatsu ya shige ƙashi, mu kuma mu ruga mu kewaye garwashin da kakata, Inna Hajara, take ɗumama ƙafafunta. 'Yar Damagaram ce. Mijinta magini ne, shi ya kawo ta nan tun ba a haifi uwata ba, ya rasu ban san shi ba. Ita ta rage, da kaskon masarta da bakinta da ba ya ƙyale kowa.

Inna tana da nata salon buɗe tatsuniya. Sai ta ce, "Ga ta nan, daga kudu ta taho a bayan kamiyo, motar kaya." Mu ce, "Ta sauko ta sha shayi." Wanda bai amsa ba, ba shi da ƙanzon masa.

Shekarar da Tamanrasat ta cika shekara ashirin da biyar da zama wilaya, wato jiha, gari ya ɗauki haske. An shafe bangaye, an rataya tutoci, 'yan lekkol, wato 'yan makaranta, suna ta koyon waƙa. Ni ba a sa ni lekkol ba, talla nake yi, amma an ɗinka mini shuɗiyar riga, na kuma ƙudura sai na taka rawa a gaban tende, turmin nan da matan Buzaye ke kaɗawa. Ana gobe biki, Zahra 'yar maƙwabtanmu ta ce mini a bakin famfo, "Bikin 'yan gari ne. Ku baƙi ne." Na watsa mata ruwa, na dawo gida na cusa rigar ƙarƙashin katifa, na ce ba inda za ni.

Da yamma Inna ta dubi fuskata.

"Rabi, wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To wa ya ara miki wannan bakin? Mayar masa, ya yi miki yawa."

Ta gyara garwashi ta fara. Wai dabbobi ne suka yi gardama a kan wa ke da gari. Raƙumi ya ce shi ya yi ta jido gishiri da dabino tun babu hanya. Akuya ta ce nononta ya raini kowa, daga Tazruk har Mertutek. Suka shirya biki, suka ce ban da zanzaro, mai ginin laka, don baƙo ne, ga ƙugu kamar na mayunwaci. Nan Inna ta matse cikinta tana girgiza kafaɗa, muka yi ta birgima. Zanzaro bai tsaya roƙon kowa ba. Ya ci ado ya faɗa tsakiyar fili. Raƙumi ya ce, "Wa ya kira ka?" Zanzaro ya ce, "Inuwar da kake tsaye a cikinta, wa ya kwaɓa ƙasarta?" Raƙumi ya ɗaga kai ya dubi bango, ya dubi bango, ya ce, "Matsa mini mu taka tare." Shi ya sa har yau yake tafiya da kai sama.

"Ƙurunƙus," in ji Inna, "kan mai ɓoye riga ƙarƙashin katifa."

Da safe ta ce in sa rigar in ɗauko tire. Ba filin biki muka nufa ba, bayan tsohuwar kasuwa ta kai ni, gindin wani jan bango. Ta duƙa ta share yashi a kusurwa. Sai ga tafin hannun mutum a jikin yaɓen, ƙaramin yatsan guntu.

"Kakanki ke nan. Dutse ya datse masa shi. Duk bangon da ya gama, sai ya danna hannu a ƙasa, inda mai gida ba zai gani ya yi faɗa ba. Sa naki."

Na sa. Hannuna ya nutse a cikin nasa, bangon da ɗumin rana.

Ranar na yi rawa har takalmina ya tsinke. Na hango Zahra a gefe tana kallo, na je na fizgo ta. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Inna kuwa ta sayar da masarta kaf, tana yi wa wata tsohuwar Buzuwa gorin ba ta iya guɗa ba.

Sai da na haifi 'ya'ya uku na shiga lekkol ɗin manya. Kafin nan, duk buro, wato ofis, da na je dangwala yatsa nake yi, ma'aikaci yana kallona a ɗage. Ban taɓa sunkuyar da kai ba, don na san daga gidan da ake sa hannu na fito. A da na ɗauka tatsuniyar tana nufin gari namu ne. Yanzu na gane ba a kori raƙumi ba, matsa masa aka yi.

Bara 'yata ta dawo tana kuka, an ce mata baƙuwa. Na ja ta zuwa bangon. An shafe shi da siminti, ba a ganin kome. Na duƙa a kusurwar nan na ce, "Nan. Sa hannunki."