Na Je Dubai Ɗauko Yaya, Na Ƙare a Jinyar Mage

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wata abokiyar kasuwancina, ko ladanin unguwarmu bai gama kiran sallah ba direba ya fara danna mana oda. Ita sarin abaya da turare ya fito da ita. Ni ma ina da ɗan sarin da zan yi, amma ainihin abin da ya ɗaga ni saƙon Hajiyarmu ne. Yayata ta daɗe a Dubai, ita da mijinta suna da ɗan ofishin kago a Al Khabaisi, suna tura wa 'yan kasuwa kaya gida. Bara Allah ya yi masa rasuwa, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Ta gama takaba aka zuba ido ta dawo, shiru. Duk wanda ya kira ta sai ta ce ba yanzu ba. Hajiya ta gaji, ta ce in je in taho da ita, in kuwa ba za ta biyo ni ba to in zo da tsayayyiyar rana.

Mun yada zango a Addis, inda na sha wani gahawa mai ɗaci da ya hana ni runtsawa har muka sauka. Da na fito daga filin jirgin Dubai, iskar da ta dake ni kamar an buɗe mini tukunyar dambu a fuska. Tituna kuwa shimfiɗe, layi-layi, babu rami, babu mai yi wa wani oda. Abokiyar tafiyata ta sauka a masaukinta na Deira, ni na wuce Al Qusais, unguwar da benaye da manyan ɗakunan ajiyar kaya suka cakuɗe, ko'ina ƙananan shagunan shayi.

Yaya ta buɗe mini ƙofa, gabana ya faɗi. Matar da na sani cikakkiya, mai dariya har da dukan cinya, ta zabge ta koma rabi. Mun rungumi juna, na yi mata ta'aziyya ido da ido, ta sauke mini shinkafar mandi da kaza da ta sa aka kawo. Ina cikin ci na lura ita ba ta ci, hankalinta yana kan wata kujera a kusurwar falo. A kan kujerar wata mage ce mai ruwan toka, kwance kamar tsumma.

Sunanta Dabino. Marigayi ne ya tsince ta tana jaririya a bayan ofishinsu, ya raine ta, kullum a cinyarsa take idan yana lazimi. Yaya ta ce tun bayan rasuwarsa magen ta rage ci, daga baya likitan dabbobi ya gano ciwon ƙoda. Ana ba ta magani da abinci na musamman, amma ta daina yarda a taɓa ta, ko sirinji ta gani sai ta shige ƙarƙashin gado tana rawar jiki. Likita ya ce a wannan halin ba za a sa ta a jirgi ba. Nan na gane ma'anar "ba yanzu ba". Na ajiye cokali. Uwa tana can tana ƙirga kwanaki, dangi suna ta zargin ko wani aure ake ƙullawa a ɓoye, ashe mage ce ta riƙe mana Yaya.

Washegari ni da Yaya muka shiga Bur Dubai sari. Mun tsallaka ruwa a abra, wato ɗan kwalekwalen katako mai inji, dirhami ɗaya kacal, shi ne abu mafi araha da na gani a garin in ka cire karak, shayinsu mai madara da kayan ƙamshi. A kasuwar yadi Indiyawa suna ganin ɗaurin ɗankwalina suka fara "Hajiya, zo, akwai kaya, rangwame", da Hausarsu mai santsi. Wani ɗan Nijar da ke ɗaukar mana kaya yana haɗa Hausa da Faransanci da Larabci a jimla ɗaya, in ya gaji da ciniki ya ce khalas, wato shi ke nan, ya juya baya, mai shago ya biyo shi. Duk wannan Yaya tana duba wayarta. Ashe akwai kyamara a falo, Dabino take kallo.

A hanyar dawowa ta gaya mini cewa gobe za mu kai magen wajen wata mata mai jinya da hannu. Na zaci tausa take nufi. Ta ce a'a, matar ba ta ma cika taɓa dabbar ba, hannu take ɗorawa kusa da jikinta, wai tana daidaita wani kuzari da ke gudana a jikin duk mai rai, dabbar ta samu natsuwa. Na tsaya cak a tsakiyar tashar jirgin ƙasa na metro har wani ya yi karo da ni.

"Yaya, boka za ki kai mage? A Dubai?"

Ta ce ba boka ba ce, kuma sai da ta tambayi likitan. Shi ya gaya mata gaskiya cewa ba shi da hujjar abin yana warkar da ƙoda, amma in dai ba za ta daina magani ba, ba zai hana ta gwada abin da zai kwantar wa magen hankali ba. Da ta faɗa mini kuɗin zama ɗaya, na lissafa a naira na ga ya fi buhun shinkafa a kasuwar Singa. Na yi salati a zuci.

Wurin yana hawa na biyu a wani bene mai tsabta. A ɗakin jira na ga abin da ban taɓa zato ba. Wata Baturiya da tsohon kare a cikin keken jarirai. Wani Balarabe da farar jallabiya, rungume da aku wanda ya tsige gashin ƙirjinsa tas, yana ta lallashinsa da "habibi, habibi". Wata kuma zomo ta kawo, nannaɗe a tawul. Kowa fuskarsa irin ta mai jinyar ɗan'uwa a asibiti. Dariyar da na taho da ita daga gida sai ta gushe.

Mai jinyar 'yar Filifin ce, dattijuwa, muryarta ƙasa-ƙasa. Kafin mu zauna na sa Yaya ta tambaye ta ko akwai wani abin da take kira ko take karantawa, don ni in da surkulle zan fita. Ta yi murmushi ta ce babu, shiru kawai take yi ta tattara hankalinta, mu ma duk addu'ar da muka saba mu yi abinmu. Sannan ta tambayi magungunan da magen take sha, ta nanata cewa kada a tsallake ko ɗaya, ita ba likita ba ce.

Ɗakin ba haske sosai, tabarma ce a ƙasa. Ta buɗe kejin da muka kawo magen a ciki ta koma gefe ta zauna, ba ta jawo magen ba. Ta buɗe tafukanta a kan gwiwa ta yi shiru. Mun daɗe a haka, har na fara tunanin buhun shinkafar nan yana narkewa a banza. Can sai Dabino ta leƙo, ta shinshina, ta fito tana ɗingishi, ta zagaya ɗakin, ta zo ta kwanta kusa da gwiwar matar. Matar ta ɗora hannu sama da bayanta, ba ta taɓa gashin ba. Jim kaɗan muka ji wannan gurnanin da mage ke yi idan ta ji daɗi.

Na waiwaya in yi wa Yaya raɗa, sai na ga hawaye yana zuba a fuskarta, ba sauti. Ta ce rabon da ta ji wannan gurnanin tun marigayi yana raye. Matar ta yi mata alama ta matso, ta kama hannunta ta ajiye a bayan magen, ta janye nata. Dabino ba ta gudu ba. Yaya ta sunkuya a kanta ta yi kukan da na tabbata ba ta yi irinsa ba ko ranar jana'iza. Ni da na zo gulma, da mayafina na share nawa.

Da muka fito na kai ta wani ɗan shagon Indiyawa na sa aka kawo mana burodin parata da ƙwai da karak. Ta cinye nata ta ƙara. A nan, ba tare da na tambaya ba, ta ce mini:

"Na san abin da ya kawo ki. Ki gaya wa Hajiya ina nan tafe. Amma ba zan bar ta ta mutu a hannun baƙi ba, ita kaɗai ce ta rage da ta san muryarsa a gidan nan."

Sauran kwanakin da na yi, magen ta fara lasar abinci, ta kuma bari ana ba ta magani ba kokawa. Kada wani ya ce na ce hannu ya warkar da ita. A makon ne likita ya canja mata wani magani, kuma ciwon yana nan, shi da kansa ya ce lallaɓawa za a yi ta yi. Abin da idona ya gani shi ne dabba ta natsu, mai ita ma ta natsu. Wanne ya jawo wanne, ban sani ba. Likitan ya ce in ta ci gaba a haka, bayan ƙaramar sallah za a duba batun takardun tafiyarta. Yaya ta ce in kai wa Hajiya wannan a matsayin ranar.

Mun dawo Kano da kayanmu lafiya, abokiyar tafiyata tana ta tsokanata a jirgi wai in buɗe irin wannan sana'a a Sabon Gari. Tafiyar ta koya mini kada in yi saurin yi wa jinyar wani dariya alhali ban san abin da ya rasa ba, ta kuma nuna mini cewa a garin da ya fi ko'ina cunkoso mutum zai iya rasa wanda zai yi kuka a gabansa.

Abin da na fi tsoro shi ne fuskantar Hajiya hannu rabbana, ba Yaya. Na durƙusa na kwashe labari tun daga kujerar falo har zuwa ɗakin tabarma, ina jiran faɗa. Ta ci gaba da jan carbinta, har na zaci ranta ne ya ɓaci. Sannan ta tambaye ni ko 'yar tata tana cin abinci yanzu. Na ce tana ci. Ta gyaɗa kai ta ce a share ɗakin Yaya na da, a kuma kira kafinta ya sa raga a tagar, don karnukan maƙwabta ba su da kirki.